Tsakanin Ibada da Al'ada: Raye-rayen Ganga na Ƙauyukan Japan

A arewa maso gabashin tsibirin Shikoku, ɗaya daga cikin manyan tsibirai huɗu na ƙasar Japan, akwai wani lardi da ake kira Kagawa, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a lardunan ƙasar 47, kuma Allah ya jarrabi mutanensa da ƙarancin ruwan sama tun zamanin kakannin kakanni, domin duwatsun da ke kudu da su sukan tare hadarin da ke tasowa daga babban teku, rafukansu kuwa gajeru ne masu gangara, da zarar an yi ruwa sai ya zarce teku kafin ƙasa ta sha. Alhali abincinsu shinkafa ce, ita kuwa shinkafa ba ta yarda da fako ba, sai ruwa ya kwanta a gindinta. Saboda haka suka duƙufa ga haƙar tafkuna, har yau akwai fiye da 12,000 a wannan ɗan lardi, mafi shahara a cikinsu shi ne Manno, wanda babban malamin addinin Buda, Kukai, ya shugabanci gyaran madatsarsa a shekarar 821. To, amma tafki ba ya haifar da ruwa, ajiya kawai yake yi, idan sama ta ƙi sai ya ƙafe a bar manomi da ido. A nan ne ganga ta shigo.

Mutanen garin Takinomiya na Kagawa suna ruwaito cewa a shekarar 888 an yi wani fari mai tsanani, a lokacin da masanin nan Sugawara no Michizane yake hakimcin yankin, sai ya hau wani dutse ya yi kwana bakwai yana roƙo, ruwa ya sauko kwana uku ba ƙaƙƙautawa, talakawa suka taru suka yi ta rawa don murna. Da ya rasu a 903, a can wurin da aka kore shi bisa makircin fada, suka mai da rawar ta zama addu'a gare shi. Wannan ruwaya ce ta baka, kuma a matsayin ruwaya nake kawo ta. Rawar dai tana nan, ana yin ta a ƙarshen watan Agusta a farfajiyar ɗakunan bauta biyu na garin. Jagoran rawa yakan shiga tsakiyar da'ira riƙe da wani ƙaton mafici mai zanen rana da wata, yana ɗaga shi yana sauke shi yana tsalle, ganga tana ba shi taki, masu kuge na tagulla suna amsawa, ana busa sarewa da ƙatuwar katantanwar teku, jama'a kuma suna maimaita sunan Amida, wanda mabiya Buda na wannan ɗariƙa suke kira, da wani lafazi da tsawon zamani ya lanƙwasa har ya yi nisa da asalinsa. Kuma al'adarsu ce idan fari ya tsananta su fito da ita musamman don roƙon ruwa.

Sa'an nan zamani ya juya. A 1974 aka fara kwararo wa Kagawa ruwan kogin Yoshino ta wani rami mai tsawon kimanin kilomita 8 da aka huda a ƙarƙashin duwatsu, a shekara mai bi aka gama madatsar Sameura a lardin Kochi, manomi ya koma yana duban ma'aikacin ruwa fiye da yadda yake duban gajimare. Ranar 30 ga Nuwamba 2022 kuma, a birnin Rabat na Maroko, hukumar UNESCO ta shigar da raye-rayen gargajiya 41 daga larduna 24 na Japan cikin kundinta na gadon ɗan Adam, a ƙarƙashin suna ɗaya, furyu-odori, kuma ta Takinomiya tana cikinsu. Mas'alar da ta dame ni ke nan, kuma ina ganin ta shafi kowace al'umma mai addini: abin da aka kafa shi domin roƙo, idan buƙatar da ta haife shi ta ragu, hukuma ta ɗauki nauyin raya shi da sunan gado, shin shi ne dai abin nan na farko, ko kuwa wani abu ne dabam ya sa rigarsa? Ni Musulmi ne, ba na tarayya da su a abin da suke kira, kuma aƙidar tauhidi ba ta bar mini shakka ba game da Wanda ke saukar da ruwa. Amma tsoron fari da annoba da kewar mamaci abubuwa ne da 'ya'yan Adamu suka yi tarayya a cikinsu, kuma mai hankali yakan fahimci halin gidansa idan ya dubi na nesa da adalci.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da ba mu ma'auni a kan irin wannan. Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya keɓe wa niyya littafi sukutum, kuma abin da shi da sauran fuƙaha'u suka tabbatar shi ne, farkon aikin niyya rarrabe ibada da al'ada: mutum biyu za su yi wanka iri ɗaya, ɗaya don zafi ya dame shi, ɗaya don ya ɗauke janaba, biyu za su wuni ba ci ba sha, ɗaya don likita ya hana shi, ɗaya don azumi, biyu za su zauna a masallaci, ɗaya yana hutawa, ɗaya yana i'itikafi. Ido ba zai iya raba su ba, domin surar aikin ɗaya ce, bambancin yana cikin zuciya, inda babu mai leƙawa sai Mahalicci. Idan muka ari wannan ma'auni muka auna rawar ganga da shi, hukuncin farko da zai zo wa mutum mai sauƙi ne: manomin da ya buga ganga a shekarar fari, shukarsa tana ƙonewa a bayansa, roƙo yake yi; jikansa da ya buga ganga ɗin nan a gaban masu ɗaukar hoto, famfo yana zuba a gidansu, wasa yake yi. Na daɗe ina ganin wannan hukunci ya isa. Amma tarihin abin ya fi haka faɗi, kuma ya kamata a bi shi a hankali kafin a yanke.

Raye-rayen nan kusan dukkansu daga firgici suka fito. Waɗansu na fari ne, kamar yadda muka gani. Waɗansu na annoba ne, kamar Yasurai na birnin Kyoto, da ake yi a watan Afrilu, domin mutanen da suna ɗauka cewa cuta tana bazuwa tare da furannin da ke kaɗewa a bazara. Samari sukan sa dogon gashi ja da baƙi, suna dukan ganga da kuge suna dira, ana tafe da wata babbar laima ja da aka ƙawata da furanni, da nufin a yaudari iskar cutar ta bi ado da kiɗa har a kai ta ɗakin bauta na Imamiya a tsare ta a can. Waɗansu kuma na mamata ne, jikokin rawar zikiri da malami Ippen ya fara a ƙasar Shinano a 1279, waɗanda suka haɗu da bikin Bon na tsakiyar damina, lokacin da suke ɗauka rayukan magabata suna ziyartar gida. Abu biyu ne suka fi jan hankalina a tsohon tsarin. Na ɗaya, adon da ake yi wa rawar, a wurare da yawa, akan farfasa shi ko a ƙone ko a jefa a kogi da zarar an gama, tun da an ɗauka sharrin ya manne a jikinsa, ajiye shi kuwa ajiye cuta ne. Na biyu, a zamanin da abin yake tashe, a ƙarni na 15 da na 16, unguwanni gasa suke yi wajen fito da sabon salo, abin kunya ne a maimaita na bara. Watau abin da aka gina a kan sabuntawa da zubarwa, shi ne yau aka ɗora wa amanar tsayawa yadda yake, ana adana kayansa a ɗakin ajiya, ana rubuta takunsa ɗaya bayan ɗaya kada wani ya canza.

Hannun hukuma ya taɓa waɗannan raye-raye sau biyu, kuma ta fuskoki masu karo da juna. Da aka kafa mulkin Meiji a 1868, sababbin shugabanni suka ba da umarnin raba addinin Shinto da na Buda, waɗanda suka yi fiye da shekara dubu a cakuɗe, kuma da yake suna ɗokin Turawa su ɗauke su wayayyu, larduna da dama suka hana rawar Bon, suna cewa ɓata tarbiyya ce da ƙauyanci. Ta garin Gujo, wadda yau ake alfahari da ita, an haramta ta a 1874. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ra'ayi ya juya. Gobarar da ta lalata zanen bangon haikalin Horyu-ji a Janairun 1949 ta sa aka kafa dokar kare kayan al'adu a 1950, aka gyara ta a 1975 don ta ƙunshi al'adun talakawa waɗanda ba a iya taɓa su da hannu, daga 1976 aka fara zaɓen muhimmai ana ba su matsayi, kowace da ƙungiyar mutanen gari masu riƙon ta, wadda suke kira hozonkai. Sai dai tsarin mulkin 1947 ya raba addini da gwamnati, sashe na 89 ya hana a kashe kuɗin jama'a a kan cibiyar addini. Ma'anar wannan ita ce, hukuma tana iya biyan kuɗin fatar ganga da ɗinkin riguna da ɗaukar hoton taku, da sharaɗin ta kira abin al'ada. Roƙon da ke ciki kuwa ba ta da ikon ta san da shi. Ban ga laifinsu a nan ba, domin sun ɗanɗana abin da haɗa sarauta da bauta ya jawo musu kafin 1945. Amma sakamakon a bayyane yake: zahiri ya sami majiɓinci mai baitulmali, baɗini ya zama maraya sai wanda ya ga dama ya ɗauke shi.

Kuma zahirin ya bunƙasa ƙwarai. Kiɗan manyan ganguna a jere, wanda baƙi suke zaton tun azal haka yake, Oguchi Daihachi ne ya tsara shi a 1951, shi kuwa makaɗin jaz ne tun farko. Bikin Sansa na birnin Morioka, da aka fara a sabon tsarinsa a 1978, ya tara makaɗa 3,437 suna dukan ganga a lokaci guda a 2014, har aka rubuta shi a kundin bajinta na duniya. Wannan nishaɗi ne da neman baƙi, masu yinsa ma ba su ce wani abu ne ba.

Abin da ya hana ni tsayawa a kan hukuncin farko shi ne abin da ya faru a gabar arewa maso gabas bayan 11 ga Maris 2011, ranar da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka halaka ko suka ɓatar da mutum fiye da 18,000. A lardunan Iwate da Miyagi akwai wata rawa da ake kira shishi-odori, rawar barewa. Yawanci mutum takwas ne suke yi. Kowanne yana sanye da kan dabba mai ƙaho, ƙyalle ya rufe masa fuska da ƙirji, ganga tana ɗaure a cikinsa, a bayansa kuma an kafa dogayen tsiron gora biyu, masu tsawon mita uku ko fiye, an naɗe su da farar takarda. Kayan sukan kai kilo 15, kuma shi kaɗai ne mai waƙa da kiɗa da rawa a lokaci guda, ba wani makaɗi a gefe. Idan taki ya kai wani wuri sai su sunkuya gaba ɗaya, gorar nan ta sharɓo ta bugi ƙasa, ƙura ta tashi, su miƙe ganga ba ta yanke ba. Asalin aikinsu a lokacin Bon shi ne su zaga gidajen da aka yi rashi a shekarar, su tsaya a ƙofar gida ko a maƙabarta su yi wa mamacin. Kafin bala'in, da yawa daga cikin waɗannan ƙungiyoyi sun fi saba da dandalin biki da taron yawon buɗe ido. Da ruwa ya janye, mutanen da suka rasa gida da jirgin kamun kifi da 'yan'uwa suka shiga tono ganguna daga cikin taɓo da ɓaraguzai, kamar yadda mutanen Mitobe na garin Minamisanriku suka yi, suka wanke, suka gyara, suka tsaya suka yi wa mamatansu rawa tun ba su koma gidajen kansu ba. A garin Otsuchi, zauren da ƙungiyar Usuzawa take koyar da rawarta shi ya zama mafakar waɗanda suka tsira. Ba wata hukuma da ta umarce su, ba kuma baƙon da ya zo kallo.

Wanda ya ce abin da aka yi shekaru ana adanawa gawa ce, sai ya gaya mana yadda aka yi gawa ta tashi a wannan rana. Ni abin da na fahimta shi ne, surar aiki kamar tulu take: yana iya yin shekaru a kife ba ruwa a ciki, amma ranar da aka je rijiya, wanda ya adana nasa shi zai ɗebo, wanda ya fasa kuwa sai ya kamfata da tafin hannu. Baƙin ciki idan ya yi yawa harshe yakan gaza, mutum yana buƙatar wani abu da jikinsa ya riga ya sani, wanda ba sai ya yi tunani ba, wanda kuma maƙwabcinsa ya sani daidai da shi, don su yi tare. Irin wannan ilimi ba ya zama a takarda, daga ƙafar dattijo yake wucewa zuwa ƙafar yaro, kuma idan aka sami tsara ɗaya da ba ta karɓa ba, silsilar ta yanke ke nan. Imamu Gazali ya yi bayani a Ihya'u cewa tsakanin gaɓɓai da zuciya hanya biyu ce, yadda abin da ke zuciya yake sauka ga gaɓɓai haka aikin gaɓɓai yake hawa ya yi tasiri a zuciya, shi ya sa muke umurtar yaro da salla tun bai san ma'anar khushu'i ba, muna fatan ma'anar ta iske shi a kan sahu. Ba ina daidaita salla da rawa ba ne, Allah ya kiyaye. Ɗabi'ar ɗan Adam nake magana a kai, wadda take ɗaya a Kano da Kagawa. Ma'aunin fuƙaha'u yana nan daram, aiki ba ya zama ibada sai da niyya. Abin da na ƙara gane shi ne, niyya ma tana buƙatar aikin da za ta sauka a kansa, kuma wanda ya tsare aikin a shekarun da zukata suka yi sanyi ya yi wa na baya hidima, ko da shi kansa bai san girman abin da ya tsare ba.

Ko a Kagawa ɗin ma injiniya bai kashe buƙata ba, ya dai nisanta ta. A farin 1994 madatsar Sameura ta ƙafe har tsohon ginin ofishin ƙauyen da ruwa ya binne ya fito fili, birnin Takamatsu ya koma samun ruwan famfo awa biyar a yini.

Mu ma muna cikin kundin nan na UNESCO, shi ya sa maganar ba ta nesa ba ce. An shigar da bikin kamun kifi na Argungu a 2016, an shigar da hawan salla na Kano a 2024. Hawan kuwa an gina shi ne a kan Idi: sarki ya fita ya yi raka'a biyu tare da jama'arsa, sa'an nan ya hau ya zaga gari ya karɓi gaisuwa. Dawakai da lifidi da algaita da tambura su kundi yake iya rubutawa, su kuma baƙo yake zuwa gani. Raka'a biyun ba su neman kundi, muddin akwai masu imani za a yi su. Abin tsoro shi ne ranar da yaro zai tashi yana ganin filin Idi share fage ne kawai na hawa.

Barazanar da ta fi kowace girma ga raye-rayen Japan a yau ita ce rashin mutane. Yawan jama'ar ƙasar ya tsaya a wajen miliyan 128 a ƙarshen shekaru goman farko na wannan ƙarni, tun daga nan yake raguwa, kusan kashi 29 cikin ɗari sun kai shekara 65, kuma a ƙauyukan duwatsu akwai inda tsofaffi suka fi rabin mazauna. Ganga mai nauyi kuwa tana son ƙugu mai ƙarfi. A nan al'ummomi suka rabu. A haikalin Kokuseki-ji na lardin Iwate akwai bikin Somin-sai, wanda ba rawar ganga ba ne amma matsalarsu ɗaya, ana cewa ya haura shekara dubu. A Fabrairun 2024 aka yi shi na ƙarshe, domin shugaban haikalin ya ga waɗanda ke ɗaukar wahalar shirya shi sun tsufa, kuma ko da yake masu kallo da masu son shiga daga waje ba su ƙare ba, ya zaɓi a rufe taron a ci gaba da addu'o'in. Mutane da yawa sun yi baƙin ciki, ni kuwa na ga mutunci a cikin shawarar, domin ya san wanne ne asali wanne ne reshe a wurinsa, kuma bai yarda a mai da tsofaffin ƙauyensa ma'aikatan nishaɗin wasu ba. Hakkin rufewa na masu abu ne, kamar yadda hakkin ci gaba yake nasu, kuma suna a kundin duniya bai kamata ya zama bashi a wuyan mutum goma sha da suka rage a gari ba.

Waɗansu kuma suka ɗauki ɗaya hanyar, suka sassauta sharuɗɗan da kakanni suka gindaya. Inda a da sai ɗan fari namiji na gidan da aka sani, yanzu ana karɓar 'yan mata, ana karɓar ɗan wani gari, ana kiran waɗanda suka koma birni su dawo hutun Bon su ɗaura ganga. Makarantu ma sun shiga, kamar sakandaren aikin gona ta Hanamaki, wadda take da ƙungiyar rawar barewa ta ɗalibai. Masu tsananin riƙo suna ganin wannan bidi'a ce a cikin gado, amma tun da mun ga cewa sabuntawa tana cikin jinin abin tun farkonsa, hujjarsu ba ta da ƙarfi sosai. Damuwata tana wani wuri. Makarantar gwamnati tana iya koya wa yarinya taku da kiɗa da waƙa har ta fi kakanta gwaninta, ta je gasa ta ciyo lambar yabo, amma dokar ƙasa ba ta ba malaminta damar ya koya mata abin a matsayin bauta ba. Wannan sashe yana hannun dattawan hozonkai, su ne za su ɗauke ta a tsakiyar Agusta su kai ta ƙofar gidan da aka yi rashi, su gaya mata sunan mamacin da dangantakarsa da ita, su sa ta yi rawar a gaban iyalinsa. Kuma a ƙauyuka da yawa waɗanda suka san gidajen da sunayen sun haura shekara saba'in.